Masu giya sun fi mu mutunta abin shansu

Zan faɗi maganar da na san za ta sosa wa wasu rai, amma don Allah a karanta har ƙarshe kafin a fara jifa. Masu yin giya a Amurka da Beljiyam sun fi mu mutunta abin shansu. Su sun ɗauki haram sun kafa mata alƙalai da ma'auni da gasa. Mu mun ɗauki halal mun bar ta a hannun sukari da kala da tsohuwar gorar roba.

Giya haramun ce, wannan ba abin ja ba ne, kuma ban ce kowa ya kai ta baki ba. Yadda suke aikin nake so mu duba, don akwai abin kunya a ciki, kuma kunyar tamu ce.

A ƙarshen shekarun 1970 masana'antun giya a duk faɗin Amurka ba su kai 100 ba, kusan dukkansu abu iri ɗaya suke yi, salam, ba ƙamshi. A 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta wa mutum ya dafa tasa a gida. Daga ɗakunan girki da gareji aka fara. Yau ƙananan masana'antun sun haura 9,000. Da me suka yi gogayya da manyan kamfanoni? Ba da kuɗi ba, don ba su da shi. Da ɗanɗano.

Akwai wani fure da ake kira hof, shi ke ba giya ɗaci da ƙamshi. In an zuba shi tun farkon tafasa, ɗaci yake bayarwa. In an zuba a ƙarshe, ko bayan an sauke, ƙamshi ne ke fita. Ɗacin ma suna da ma'auninsa, IBU, lamba ce da ake aunawa a ɗakin gwaji. Kowane irin hof da sunansa da halinsa. Cascade, wanda aka fitar a 1972 bayan bincike a jihar Oregon, ƙamshin ɓawon lemu gare shi. Citra kuwa ƙamshin mangwaro da lemun tsami. Manomi a kwarin Yakima na jihar Washington ya san wane iri ya shuka, mai saye ya san abin da yake biya. A Beljiyam kuma, a kewayen Brussels, akwai wadda ake jiƙa 'ya'yan itacen ceri a cikinta watanni, ana ce mata kriek. A 2016 UNESCO ta sa al'adar giyar Beljiyam cikin jerin kayan gadon ɗan Adam.

Sai alƙalancin, inda ya fi ci mini rai. Tun 1985 suke da wani tsari, BJCP, mai horar da alƙalan ɗanɗano, har da jarrabawa. A gasa ana kawo kofi ba suna, ba tambari, lamba kawai. Alƙali bai san ko na abokinsa ne ko na abokin gabarsa ba. Maki 50 ne: ƙamshi 12, kama 3, ɗanɗano 20, yadda abin ke zama a baki 5, hukuncin gaba ɗaya 10. Kuma dole ya rubuta dalili. In giya ce ta 'ya'yan itace, tambayar ita ce: ana jin ɗan itacen na gaske, ko turaren kanti ne? Ya danne sauran kayan, ko sun zauna lafiya tare? Wanda ya faɗi gasa yana komawa gida da takardar da ta gaya masa inda ya kuskure.

To mu dawo gida.

Wace al'umma ce ta fi mu abin sha marar sa maye? Zobo, kunun aya, kunun zaƙi, kunun tsamiya, kunun gyaɗa, fura da nono, lemun citta, ruwan goruba, ruwan tsamiya. Kuma harshenmu ya riga ya tanadi kalmomin alƙalanci tun kafin a haifi waɗancan alƙalan. Muna bambanta tsami da yami: tsami na zobo ado ne, yami a kunun aya alamar ya fara lalacewa. Muna da bauri, wanda ke kama harshe in zoborodo ya daɗe a wuta. Muna da maƙaƙi, in citta ta yi yawa ta tsaya a maƙogwaro. Muna da garɗi, muna da galmi, muna da ƙauri in kunu ya kama tukunya, muna da ƙarni in nono bai samu tsabta ba, muna da lami. Kakanninmu mata da kurɓi ɗaya suke gane an jiƙa gero ya kwana ko bai kwana ba. Wannan ilimi ne, jama'a. Ba a dai rubuta shi ba ne.

Yau me ake sayar mana da sunan zobo? Ruwa ja, sukari kamar an yi gaba da haƙora, filebo na abarba alhali abarba ba ta ko leƙa tukunyar ba, a ƙara kala, a ɗura a gorar da aka tsinto bayan biki. Ka sha ba ka jin zoborodon, ba ka jin kanumfari, zaƙi kawai da sanyi. Kuma mun saba, har in an ba yaro zobo na gaske sai ya yamutsa fuska ya ce bai ji sukari ba. Mun kashe harshen 'ya'yanmu da hannunmu, sannan muna mamakin ciwon suga a kowane gida.

Wanda yake ganin wannan zancen daɗin baki ne kawai, ya tuna 2021 a Kano. Mutane sun rasu, ɗaruruwa sun kwanta asibiti, bayan shan lemun da aka haɗa da gurɓataccen ɗan tsami da garin lemo da wa'adinsa ya wuce. Inda ba wanda ke tambayar me aka zuba a kofi, komai ma za a zuba.

Ga kuma asarar kuɗi. Zoborodon da ake nomawa a Jigawa da Kano da Katsina buhu-buhu yake fita zuwa Meziko, inda suke yin nasu zobon da shi. Meziko ta taɓa dakatar da sayen namu saboda ƙwarin da aka samu a cikin kaya, wato rashin ma'auni ya bi mu har waje. Su kansu masu ƙananan masana'antun giyar suna sa furen zobo a wasu giyoyinsu don ja da tsami, su rubuta sunansa a jikin gwangwani da alfahari. Aya kuwa, wadda ake nomawa sosai a yankin Maraɗi, Sifaniya na sayenta daga Afirka ta Yamma. A Valencia suna da nasu kunun ayar, horchata, kuma ayar da suke nomawa tana da sunan da doka ke karewa, ba kowa ke iya liƙa shi a kayansa ba. Mu ke noma, wasu ke sa suna da daraja, mu a bar mu da kuɗin buhu.

Na san abin da za a ce. Na farko: "Malam, ka rasa da wa za ka ba da misali sai mashaya?" Amsa: sau nawa muke koyon tsarin banki da na asibiti daga waɗanda ba addininmu ɗaya ba? Auna abu da rubuta sakamako ba haram ba ne. Barasar ce haram, kuma a zobo babu ita. Na biyu: "Mai zobon nan marainiya take ciyarwa, kar a taɓa mata sana'a." Ai ita nake karewa. Yanzu wadda ke sayen abarba da citta na gaske da wadda ke zuba hoda farashinsu ɗaya, don mai saye ba shi da hanyar bambancewa. Mai gaskiya ce ke asara. Na uku: "Talaka zaƙi yake so." An koya masa ne. Abin da aka koya ana iya sake shi.

Hisbah tana fasa kwalaben giya, an gani, an yaba. Amma fasa kwalba rabin aiki ne. Saurayin da ka hana wancan, me ka ajiye masa a gabansa da zai yi alfahari da shi?

Abin da nake nema ba ya buƙatar kasafin gwamnati. A baje kolin Kano ko na Kaduna a ware rumfa ɗaya. Mata su kawo zobo da kunun aya, a zuba a kofuna masu lamba, ba suna. Alƙalai su zama tsofaffin mata da suka san hannu, tare da malaman kimiyyar abinci daga jami'o'inmu. A ba ƙamshi makinsa, kala ta asali makinta, daidaiton tsami da zaƙi makinsa, tsabta makinta. Duk wadda ta sa kala ko hodar da ba ta bayyana ba, a fitar da ita. Wadda ta ci a ba ta takarda ta liƙa a shagonta, ta ƙara farashi da hujja. Waɗanda ba su ci ba a rubuta musu dalili. Makarantar Islamiyya ta matan aure ma za ta iya fara wannan a unguwa, ranar walima.

Kafin nan, aikin na kowa ne. In ka sayi zobo gobe, ka tambayi mai shi me ta zuba. In ta ce filebo, ka ce a'a. In ta ce ɓawon abarba da kanumfari da citta, ka biya ta fiye da yadda ta nema, kuma ka gaya wa mutane sunan shagonta.

Wanda ke da ja a kan wannan, bismillah, ina saurare. Amma a zo da hujja, ban da zagi.