Tseren babur na matasa a Turai: abin da ya kamata mu duba kafin mu miƙa wa yaro makulli

A ƴan shekarun nan hotunan bidiyo na wani tseren babura da ake yi a Turai sun yawaita a wayoyin yaranmu, har za ka ga an taru a bakin shago ana kallo ana shewa. Wasan shi ne wanda Turawa ke kira sifidwe, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake gani suna karkata babur a kwana ƙura na tashi, yara ne sa'o'in ƴaƴanmu. Da yake mafi yawan masu karanta wannan shafi su ne ke shigo da babura da kayan gyaransu daga Jibiya zuwa Maraɗi, ko daga Illela zuwa Ƙonni, mun ga ya dace mu tattauna a kan wannan wasa, domin abin da yaro ke gani a waya rabin labari ne kawai.

Ga yadda abin yake. Mutum huɗu ne ke tashi a lokaci guda, su zagaya fili mai siffar ƙwai sau huɗu, cikin kamar minti ɗaya an gama. Na farko ya sami maki 3, na biyu 2, na uku 1, na ƙarshe ya tashi a tutar babu. Babur ɗin ba shi da birki ko kaɗan, giyarsa ɗaya ce tak, injinsa mai ƙarfin sisi 500 ne, kuma wani mai da ake kira metanol yake sha a maimakon fetur. Gudunsa yakan wuce kilomita 100 a awa. In mahayi ya zo kwana, sai ya karkata babur ɗin tayar baya ta riƙa zamewa, ya sa ƙafar hagu a ƙasa, wadda aka sanya mata takalmin ƙarfe.

Hukumar wasannin babura ta duniya, wato FIM, ita ke shirya gasar matasa ƴan ƙasa da shekara 21. An faro ta a 1977 a matsayin gasar nahiyar Turai, a 1988 ta koma ta duniya, sannan daga 2022 aka sa mata suna SGP2. Mateusz Cierniak na ƙasar Polan ya cinye ta a 2022 da 2023, ɗan ƙasarsu Wiktor Przyjemski ya karɓa a 2024. Bartosz Zmarzlik, wanda ya ci wannan gasa a 2015, shi ne ya zo ya zama zakaran duniya na manya a 2019, ya kuma maimaita sau da dama bayan nan.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne matakan da yaro ke bi kafin ya kai can. Ƴan shekara 11 zuwa 13 suna da ajinsu, SGP4, da ƙaramin inji mai sisi 190. Ƴan ƙasa da shekara 16 suna SGP3 da inji mai sisi 250. Sai yaro ya wuce nan ake ba shi babban babur. A Polan, inda wasan ya fi karɓuwa, ƙungiyoyi suna da makarantun horar da yara, kuma ba a shiga gasa sai an ci jarrabawar lasisi. Ranar wasa kuwa, hular kwano dole ce, haka rigar kariya, an zagaye kwanoni da katangar da aka hura wa iska, likita da motar asibiti suna tsaye. Akwai wata igiya da ke ɗaure a hannun mahayi, da zarar ya faɗi sai ta fizge inji ya mutu. Alƙali na iya kunna jar fitila ya tsayar da tsere nan take. Ƴan kallo suna bayan shinge, ba wanda ke tsallakawa da tire a ka.

Duk da wannan tanadi, wasan bai daina cin mutane ba. Lee Richardson na Ingila, zakaran matasa na 1999, ya rasu a 2012 bayan haɗarin da ya yi a filin Wroclaw a Polan. Darcy Ward ɗan Ostareliya, wanda ya ci gasar matasa a 2009 da 2010, ya faɗi a Zielona Gora a watan Agusta na 2015, ya ji rauni a laka, ya koma keken guragu yana da shekara 23. To, idan wannan ya sami ƙwararru da likita ke jira a gefe, ina ga yaron da ke ɗaga tayar gaba a tsakiyar kasuwa da silifa a ƙafa?

Mu kam mun san yadda namu yake. Ranar ɗaurin aure ko rakiyar amarya, samari sai su cika titi, wani ya miƙe tsaye a kan babur, wani ya saki hannu, uku uku a kan babur ɗaya, ba mai hula ko guda. A gidan rediyon da muke aiki, mun sha karanta sanarwar biki da safe, kwana biyu a kawo mana sanarwar rasuwa daga unguwa ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe ƴan shekara 5 zuwa 29.

Wasu za su ce ai magani shi ne jandarma su kama babura kawai. An sha kamawa, iyaye su je su biya tara, sati na zagayowa a koma gidan jiya. Son gudu a jinin ƙuruciya yake, kamar yadda kakanninmu suka yi sukuwa a kan dawaki. Wasu kuma za su ce a kawo mana sifidwe ɗin nan. Mu ba mu goyi bayan haka ba, domin wasa ne mai cin kuɗi, kuma garin da asibitinsa ke fama da ƙarancin motar ɗaukar marasa lafiya yana da abin da ya fi wannan gaggawa. Abin ɗauka a wurinsu shi ne tsarin: shekaru, horo, hula, da raba mai gudu da mai tafiya a ƙasa.

A nan ne maganar ta dawo kanku, ƴan kasuwa. Alhaji, kai ne ka sayo babur ɗin, kai ne kuma ke miƙa wa yaro ɗan shekara 13 makulli ka ce ya kai kaya tasha. Wanda bai yarda ya bar wa yaron nan ajiyar kuɗin shago ba, yaya zai bar masa injin da ke iya kashe shi ya kashe wani? Muna kira ga masu sayar da babura su haɗa kowane babur da hular kwano mai kyau a cikin farashi, ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na ƴan kabu-kabu su amince a tsakaninsu cewa ba a ba ƙaramin yaro babur haya ranar biki. Idan kuma magajin gari ya ga dama ya ware wa samari fili a bayan gari, to, a yi shi da sharaɗi: iyakar shekaru, hula, shinge, da ma'aikacin lafiya a wurin. In ba za a cika waɗannan ba, gara a bari.

Babur jari ne, da shi ake kai kaya ake ciyar da gida. In ya lalace, kayan gyaransa suna nan a rumfunanku, amma lakar yaro in ta tsinke ba kasuwar da ake sayar da ita. Allah ya kare mana zuri'a, ya sa mu gyara.