Gona da Lambu: Farin Garin da Ke Kan Kunya

Masu noman rani a fadamun Gaya da Ajingi, ku duba kan kunyoyinku idan zafin bazara ya kankama. In kun ga fari-fari kamar an barbaɗa garin rogo, ku ɗanɗana kaɗan. Gishiri ne ko kanwa.

Ba wani maƙiyi ne ya zuba ba. Duk ruwan rijiya da na kogi yana ɗauke da ɗan gishiri narkakke, ƙasa ma haka. Inda ruwan ƙasa yake kusa, yakan hau ta cikin laka kamar yadda kananzir yake hawa lagwanin fitila. Da ya iso sama, rana ta shanye shi, gishirin kuwa ba ya tashi, sai ya daskare ƙwaya-ƙwaya. Shi ya sa ya fi taruwa a ƙoƙuwar kunya, wurin da ya fi saurin bushewa, kwari kuwa da sauƙi. A jigawa ba safai ake ganinsa ba, domin ruwan damina yana ratsa yashi ya tafi da shi. Mangawa na ƙasar Nijar irin wannan ƙasa suke kankarewa, su tace, su dafa, ta zama mangul. A gare su arziki ne, a lambu kuwa ɓarna.

Kun san yadda yankakkiyar albasa take zubar da ruwa in an sa mata gishiri? To, haka saiwa take sha. Ƙasa jiƙe, amma shuka tana yaushi, bakin ganye ya ƙone. Albasa da karas da wake su ne raggwaye. Alkama ta fi su jimiri. Mutanen dā sun san wannan, gama Littafin Mahukunta sura 9 ya nuna Abimelek ya watsa wa Shekem gishiri bayan ya rushe ta.

Kuskuren da na fi gani shi ne yayyafin ruwa kaɗan-kaɗan kullum, wai tattalin man inji. Wannan tara gishiri ne kawai. Gara a cika fangali sosai jefi-jefi, ruwan ya nutse da gishirin ƙasa da saiwa, amma sai an haƙa lambatun da zai fitar da rara, in ba haka ba ya sake hawowa. Ku shuka a gefen kunya, kada a bisa kanta. Ku rufe ƙasa da ciyawa ko ƙaiƙayi, ku yawaita takin gida. Farin da ya riga ya fito kuwa, a sa yara su kankare shi da fartanya, a zubar can nesa da rijiya.