Kafin a sayi pon, a ƙirga haƙora

Tun 1980 aka daina sa sunan Berliet bisa sabuwar mota, amma ba a rasa tsofaffinta cikin masu jigilar albasar Galmi. In pon na baya ya lalace, mai mota kan nemi na hannu, wani har Ƙofar Ruwa ta Kano. Nan asara ke farawa. Mota mai pon biyu, wajibi ne lissafin haƙoran kuron da pinyo ya zamo ɗaya a dukansu. In ya saɓa, ƙarfen da ke raba ƙarfi tsakaninsu ba ya hutawa, mai ya yi zafi, haƙora su cinye. Kuron da pinyo kuwa tare aka wasa su, tare ake canza su. Wanda ya ƙi biyan makanike ladan ƙirga zai biya kuɗin janwe, albasa na ruɓewa bakin hanya.