RA'AYINMU: Ɗorin Fuska Ba Shi Ne Ƙarshen Jinya Ba

Duk mazaunin Sabo ta Ibadan, ko Agege da Idi-Araba a Ikko, ya san yawan 'yan'uwanmu da ke neman abinci a kan babur, ya kuma san yadda haɗari kan farfasa musu muƙamuƙi da karan hanci da gurbin ido. Abin da jama'a ba su cika sani ba shi ne, wani lokaci ƙashi kan haɗe, kumburi ya saɓe, alhali wata babbar masifa tana kwance a cikin kai.

Dalili kuwa shi ne, manyan jijiyoyi biyu masu kai jini ƙwaƙwalwa sun taso ne daga wuya, suka ratsa ƙashin gindin ƙoƙon kai, suka bi ta bayan idanu, inda kowace ta ratsa wata matattarar jinin da ke komawa zuciya. Idan karaya ta tsaga jijiyar a wurin, sai jini ya riƙa kwarara da ƙarfi cikin matattarar, ya koma da baya zuwa ido. Sai ido ya yi ja, ya fito waje, yana harbawa tare da bugun zuciya. Mutum ya riƙa ganin abu bibbiyu, yana jin wata ƙara cikin kansa kamar ta zugazugi. Waɗannan alamu kan bayyana bayan kwanaki, ko ma makonni. A wani kuma bangon jijiyar ke kumbura, ya fashe da haɓo mai tsanani. A wani jini ke daskarewa, ɓarin jiki ya shanye.

Abin takaici, akan ɗauki jan idon nan afolo ne, a sayo maganin ɗigawa a kemis, ko a sa majinyaci a mota zuwa gida wurin maɗori. Kafin a farga, gani ya tafi.

Ciwon nan kuwa yana da magani. Tun 1974 wani likitan Tarayyar Sobiyet, Serbinenko, ya bayyana hanyar toshe irin wannan ɓula ta cikin jijiya. A yau akan ɗauki hoton jijiyoyin kai, a zura siririn bututu daga matsematsi har wurin ɓular, a toshe ta ba tare da an buɗe kai ba.

Saboda haka muna kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan acaba da su tsaya tsayin daka: wanda ya karye a fuska, a sa masa ido na 'yan watanni; da zarar an ga ɗaya daga alamun nan, a garzaya da shi asibitin koyarwa, a kuma tara masa kuɗin hoto. Likitoci su ma su riƙa yi wa majinyata bayani cikin harshen da suke ji kafin sallama.

Hular kwano kuma, wadda hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta sawa a 2009, a nemi mai rufe haɓa. Rigakafi dai ya fi magani.