Riƙo Ba Ya Gadar Da Sarauta: Raddi Ga Mai Wa'azin Zangon Agege

Wani sautin wa'azi ya yi ta yawo a wayoyin mutanen Zangon Agege, har na ji shi a teburin mai shayi kusa da gadar Pen Cinema. Mai maganar Bahaushe ne Kirista, bakinsa da zaƙi. Abin da yake cewa a taƙaice: Annabi Isa (AS) ba shi da uba, amma Yusufu kafinta ya riƙe shi, saboda haka ya gaji jinin Dawuda da gadon sarautarsa, kuma wai haka dokar Yahudawa take. Na yi niyyar in yi masa adalci, sai dai wannan "haka dokar take" ita ta hana ni barci.

Wace doka? Attaura ba ta da wani babi da ke mayar da ɗan riƙo ɗan ƙabila. A Littafin Ƙidaya, sura ta 1, an ƙirga Isra'ilawa ne bisa gidajen ubanninsu. Alkawarin da aka yi wa Dawuda a 2 Sama'ila 7:12 na zuriya ce da za ta fito daga tsatsonsa, kuma Bulus da kansa a farkon wasiƙarsa ga Romawa ya jingina nasabar Isa ga jiki. Har yau, idan firist daga zuriyar Haruna ya ɗauki yaro ya rene shi, malaman Yahudawa ba sa ƙirga yaron cikin firistoci. Na san inda malamin zai ruga: Talmud, Sanhedrin 19b, inda aka kwatanta mai renon maraya da wanda ya haife shi. To, maganar lada ce da girmamawa. Mu ma a nan muna ce wa wanda ya rene mu Baba. Yara nawa ne a Agege suka tashi a hannun kawu ko gwaggo, wasu ma a gidan maƙwabta Yarbawa, suna Yarbanci kamar ruwa? Ranar rabon gado ko ɗaurin aure, sunan mahaifi ake tambaya. Ko agola ya san wannan.

Riƙon da ke sauya nasaba al'adar Rumawa ce. Ta haka Agustas ya zama ɗan Yuliyas Kaisar ta hanyar wasiyya a shekara ta 44 kafin miladiyya. Malamin ya ɗauko rigar Rum ya sa wa Bani Isra'ila, ya manta kayan aro ba ya rufe katara. Musulmi kuwa sun san yadda Suratul Ahzab ta yanke hukunci a kan Zaidu ɗan Harisa, aka daina jingina shi ga Manzo (SAW).

Mu ɗauka ma na yarda riƙo na gadar da nasaba. Nasabar wane Yusufun za a gada? Matiyu 1 ya ce ubansa Yakubu ne, ya bi ta Sulemanu. Luka 3 ya ce Heli ne, ya bi ta Natan. Tun ƙarni na 3 Yuliyas Afrikanus ya yi ƙoƙarin sasanta su da auren gadon matar ɗan'uwa, kuma Yusebiyas ya naƙalto shi. Ƙoƙari ne na mai ilimi, na yarda, amma malaminmu ko sunansa bai ambata ba. Kai, da alama bai san akwai matsalar ba.

Sai Yekoniya da ke cikin jerin Matiyu, wanda Irmiya 22:30 ya ce babu wani daga zuriyarsa da zai hau gadon Dawuda. Masana Kirista suna amsawa da Haggai 2:23, inda aka ɗaukaka jikansa Zarubabel. Amsa ce mai nauyi, ita ya kamata ya kawo.

Masu cewa jerin Luka na Maryam ne kuwa, sunanta ba ya cikinsa. Luka ɗin ma ya ce 'yar'uwar Alisabatu ce, wadda ke daga zuriyar Haruna.

Batun cewa Musulmi na ƙin darajar Almasihu bai cancanci sakin layi ba. Alƙur'ani ya kira shi Almasihu, ya jingina shi ga mahaifiyarsa, bai nemi kafinta ba. In malamin zai sake ɗaukar sauti, ya zo da sura da aya ta dokar da ya ce akwai.