Hatimi na gaskiya, shekaru na ƙiyasi

A kotun Tasawa ko ta Mayahi, idan jandarmomi suka kawo yaro bisa zargin satar akuya, abin da alƙali ke fara nema shi ne shekarunsa. Dokar hukunta laifuka ta Nijar, wadda aka kafa a 1961, ba ta ɗora alhakin laifi a kan wanda bai kai shekara 13 ba. Wanda ke tsakanin 13 da 18 kuwa alƙalin yara ne ke duba lamarinsa, hukuncinsa ma da sassauci. Shekara ɗaya tak na iya raba yaro da kurkukun manya.

Takardar haihuwa ce ke yanke wannan magana. Tsarin shari'ar da Nijar ta gada daga Faransa yana ɗaukar takardar da jami'in hukuma ya rubuta, ya buga wa hatimi, a matsayin sahihiya, sai dai wanda ke musu ya kawo hujjar cewa jabu ce. Ƙa'idar tana da hikima, don ba za a riƙa kiran magajin garin Korgom ko na Kanambakashe kotu a kan kowace takarda ba.

Matsalar tana ƙauye. Yaron da aka haifa a gida ba a rubuta shi a kan lokaci ba, sai daga baya a yi masa takarda ta hukuncin kotu, galibi in jarrabawa ta matso, bisa maganar shaidu. Su kuma da me suke lissafi? Da shekarar fari, da daminar da ruwa ya ci gero. Wani uban ma da gangan yake rage shekaru don ɗansa ya samu makaranta. Hatimin na gaskiya ne, sa hannun ma haka, amma shekarun ƙiyasi ne. Shari'ar safarar jarirai da ta girgiza Yamai a 2014 ta nuna cewa ko a babban birni takardar haihuwa tana iya faɗin abin da bai faru ba.

Wanda ke da lauya zai iya ƙalubalantar takarda. Manomin Maijirgi da aka kama ɗansa bai ma san akwai wannan ƙofa ba, lauyoyin kuma akasarinsu suna Yamai. Saboda haka nauyin ya koma kan alƙali. In jikin yaro da takardarsa sun saɓa, ya aika a duba babban littafin rajista na ofishin magajin gari, ya kira uwar ya ji daga bakinta. In shakka ta rage bayan haka, a gurfanar da shi gaban alƙalin yara.