Hujja Kafin Hukunci: Ƙarin Ƙashi da Haƙƙin Mara Lafiya a Ƙasar Ikara, Maƙarfi da Kudan

Daga cikin cututtukan da Allah Maɗaukaki yake jarrabar bayinsa da su, akwai wadda ba ta kai zazzaɓin cizon sauro ko gudawa yawa ba, amma idan ta shiga gida ba ta fita sai ta ci rumbu da garke, sau da yawa ma ta haɗa da rai, ita ce ƙarin da ke tsirowa a cikin ƙashi, wanda mugun cikinsa ake kira daji ko sankara. Abin da ya wajabta magana a kanta shi ne, mutanen Ikara da Maƙarfi da Kudan, tun daga Kurmin Kogi da Paki da Saulawa har zuwa Gimi da Likoro, maƙwabta ne ga ɗaya daga cikin manyan wuraren binciken cuta na Arewa, wato Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, alhali kuwa mai ƙari a ƙauyukan nan yakan shafe watanni ana yi masa magani, babu wanda ya san sunan abin da ake yi wa maganin. Ra'ayina shi ne, sanin haƙiƙanin ƙari ta hanyar duba tsokarsa haƙƙi ne na mara lafiya, kuma samar da hanyar wannan sani nauyi ne a wuyan hukuma da malamai da masu hali baki ɗaya.

Ga yadda lamarin yakan faro. Saurayi ɗan shekara goma sha biyar, wanda tsawo ke zuwa masa da sauri, zai dawo daga ƙwallo ko daga gonar rake yana ɗingishi, ya ce wa mahaifinsa, "Baba, gwiwar nan tana hana ni barci." Uban zai tambaya ko ya faɗi, yaron ya tuna wani ɗan karo da ya yi makonni da suka wuce, shi ke nan sai a ce targaɗe ne, a nufi gidan mai ɗori. Can za a ja ƙafar, a murza ta da man shanu, a jera mata kara a ɗaure tamau, a ce, "Malam, ka kwantar da hankalinka, nan da kwana bakwai zai taka." Kwana bakwai su wuce, kumburin ya ƙaru, fatar wurin ta yi sheƙi, jijiyoyi su fito raɗa-raɗa a kanta, in ka ɗora hannu ka ji ɗumi. Daga nan sai wanzami ya yi ƙaho ko sakiya, jini ya zuba babu mugunya, bakin sakiyar ya ƙi rufewa, sa'an nan a koma zancen sammu da jifa, har a fara kallon wata tsohuwa a unguwa da mugun ido. Kafin a ɗauki yaron zuwa Shika ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, an sayar da buhunan masara da akuyoyi, shi kuwa ya fara wani tari wanda ba na sanyi ba.

Ba na cikin masu zagin maɗora, domin sana'a ce ta gado wadda ta tsayar da dubban manoma da ƙafafunsu tun ba a san asibiti ba, kuma a karaya mai sauƙi gwaninsu yakan yi abin a yaba. Illar ita ce hannu, komai gwanintarsa, ba ya iya rarrabe kumburi da kumburi. Ƙafar da ta kumbura kusa da gwiwa tana iya zama ruɓar ƙashi da ƙwayoyin cuta suka jawo, wadda ta yawaita ga masu amosanin jini. Tana iya zama tarin fuka ne ya sauka a ƙashi. Tana iya zama ƙari mara mugunta wanda ake kankarewa a cike gurbinsa mutum ya ci gaba da noma. Tana kuma iya zama mugun dajin da likitoci ke kira ostiyosakoma, wanda ya fi kama matasa tsakanin shekara 10 da 25, ya fi son ƙarshen ƙashin cinya da farkon ƙashin ƙwauri da saman ƙashin dantse, kuma yakan bi jini ya sauka a huhu. Cututtuka huɗu ke nan masu kama da juna a ido, kowacce da maganinta dabam, kuma maganin ɗaya yana iya zama halakar mai ɗauke da ɗaya. Hoton ƙashi yana ba likita zato mai ƙarfi, amma yaƙini ba ya samuwa sai an ciro ɗan yanki daga ƙarin an kai shi gaban mai duban tsoka. Alƙalin shari'a, ko da ya san mai ƙara tun yana yaro, ba ya yanke hukunci sai shaidu sun tsaya an tsarkake su. To haka likitan tiyata nagari ba ya raba mutum da gaɓarsa sai wannan shaida ta iso.

Yana da kyau mai karatu ya san abin da ke faruwa da wannan yanki, domin jahiltarsa ce ta sa jama'a ke zargin an ɗebi namansu ne don wata manufa. Da zarar an ciro shi, sai a jefa shi cikin kwalba mai ruwan fomalin, wanda yawansa ya kamata ya ninka girman naman sau 10, don ya tsayar da ruɓa ya bar ƙwayoyin halitta yadda suke. Idan ƙashi ne, sai a jiƙa shi cikin ruwan asid na kwanaki, wani lokaci makonni, har ƙarfinsa ya zube ya yi laushin da wuƙa za ta ratsa shi, kuma wannan ne dalilin da ya sa sakamakon ƙashi ke daɗewa fiye da na sauran tsoka. Bayan haka a tsane ruwan jikinsa, a binne shi cikin narkakken kaki ya daskare, a ɗora kan na'ura mai fiffiƙe shi sala-sala, kowanne kaurinsa kamar kashi 4 cikin 1000 na milimita, a shimfiɗa kan gilashi, a rina shi da launi biyu, shuɗi mai kama cibiyar ƙwaya da ja-ja mai kama sauran jikinta. A nan ne likitan zai sunkuya kan madubinsa ya duba ko ƙwayoyin suna zaune cikin tsari da kama ɗaya, ko kuwa sun bambanta girma, cibiyoyinsu sun yi baƙi sun kumbura, suna rabuwa barkatai, suna kuma saƙa ɗanyen ƙashi a tsakaninsu, wanda shi ne alamar ostiyosakoma. Wannan ilmi ya kafu ne tun lokacin da Bajamushe Rudolf Virchow ya bayyana a 1858 cewa tushen cuta yana cikin ƙwayoyin halittar jiki, kuma har yau babu na'urar hoto da ta maye gurbinsa.

Nahiyarmu tana da babban misali na abin da duban tsoka ke iya yi. A 1958 wani likitan tiyata mai suna Denis Burkitt, da ke aiki a asibitin Mulago na Kampala a Yuganda, ya wallafa bayanin wani ƙari mai kumbura muƙamuƙin yara cikin 'yan makonni har haƙoransu su yi ta girgiɗi, ya kuma ɗauke shi a matsayin wani nau'i na sakoma. Da masu duban tsoka na Makerere suka ƙura masa ido, sai suka tabbatar cewa asalinsa daga ƙwayoyin garkuwar jiki ne, muƙamuƙi masauki ne kawai. Wannan gyaran suna ya sauya magani ɗungurungum, domin an gano cewa ƙarin yana narkewa da allura ba tare da an cire haɓar yaro ba, kuma Victor Anomah Ngu, wanda ya yi wannan aiki a Ibadan, yana cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker a 1972. A 1964 kuma, daga naman irin wannan ƙari da aka aika Landan, Epstein da Achong da Barr suka gano ƙwayar bairos ta farko da aka danganta da daji a jikin ɗan Adam, aka kuma fahimci cewa cutar tana bin yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, irin fadamunmu na rake da tumatir. Duk wannan alheri ya fito ne daga kwalabe da aka cika da kyau, aka rubuta musu suna da shekaru da garin mara lafiya.

Ita ma Zariya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, makarantar likitancinta ta biyo baya a 1967, kuma Farfesa George Edington, wanda ya kafa rajistar masu ciwon daji ta Ibadan a 1960, daga baya ya koyar da ilmin binciken cuta a Zariya. Asibitin ya tashi daga Tudun Wada ya koma Shika a 2005, yana da sashen duban tsoka da sashen gashin daji da na allurar daji. A Maƙarfi kuma ga makarantar kimiyyar lafiya mai ɗauke da sunan marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris, wadda ta yaye ma'aikatan da ke riƙe da ƙananan asibitocinmu. Abin da ya rage shi ne hanyar da za ta haɗa ɗakin shan magani na ƙauye da madubin Shika.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujjoji uku, kuma babu wadda za a raina a cikinsu. Ta farko ita ce tsoron yanka, domin kowa ya san wanda ya tafi asibiti da ƙafa biyu ya dawo da ɗaya. Wannan gaskiya ne, sai dai jinkiri ne babban sanadinsa. Kafin shekarun 1970, ko a Amurka da Ingila yanke gaɓa ne babban abin da ake yi wa mai ostiyosakoma, kuma waɗanda ke tsira ba su wuce 20 cikin 100 ba. Da aka haɗa tiyata da allurai irin su metotireket da doksorubisin da sisfilatin, sai masu tsira suka kai 60 zuwa 70 cikin 100 idan cutar ba ta riga ta bazu ba, mafi yawansu kuma da ƙafafunsu. Ko bayan tiyatar ma mai duban tsoka ne ke auna yawan ƙwayoyin da allura ta kashe, idan sun kai 90 cikin 100 a san maganin ya karɓi mara lafiya. Hujja ta biyu ta addini ce, cewa abin da aka cire daga jikin ɗan Adam binne shi ake yi saboda alfarmarsa. Wannan ladabi ne mai kyau, kuma ba ya karo da bincike, domin ana iya duba abin da ake buƙata a bai wa dangi sauran su binne. Kiyaye rai kuwa yana cikin manyan manufofin shari'a, kuma Imamu Gazali ya lissafa ilmin ɗibbu, wato likitanci, cikin farillan kifaya, waɗanda idan gari ya rasa mai tsayuwa da su laifin ya hau kan kowa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki da jihadi, ya zauna ya yi wallafe-wallafe kan magani, har da na ciwon ido da na basur, don haka babu mai cewa neman sababi ya saɓa wa tawakkali. Hujja ta uku ita ce kuɗi, kuma ita ce mafi nauyi, domin asusun tallafin masu ciwon daji na Gwamnatin Tarayya, wanda Shika ke cikin asibitocinsa na farko, ya fara ne da dajin mama da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza, ɗan manomi mai ƙarin gwiwa bai shiga lissafin farko ba. Amma kuɗin hoto da na duban tsoka kaɗan ne idan aka gwada da abin da gida ke ɓatarwa a watannin kame-kame, kuma sau da yawa sakamakon yakan zo da bushara cewa ba daji ba ne.

Saboda haka ga abin da nake kira gare shi. Shugabannin ƙananan hukumomin uku su tara maɗora da wanzamai ta hannun hakimai da dagatai, cikin girmamawa, a yi yarjejeniya da su a kan alamomi uku: kumburin ƙashi da bai biyo bayan faɗuwa ta gaske ba, ciwon da ke tsananta da dare, da kumburin da ya wuce makonni yana ƙaruwa, duk wanda ya zo da ɗaya daga ciki kada a murza, kada a tsaga, a tura shi hoto. Manyan asibitocin Ikara da Maƙarfi da Hunƙuyi su kasance da na'urar hoto mai aiki da takardar turawa mai cikakken bayani, kuma kada a yi wa ƙarin ƙashi ɗiba a ƙaramin asibiti, domin tsagar da aka yi ba bisa ƙa'ida ba tana iya hana ceton ƙafar daga baya. Wannan aiki ne na Shika ko Dala. Sauran ƙari da ake cirewa a nan gida, na mama ko na wuya ko kaluluwa, kowanne ya shiga fomalin, mota ta kwashe su zuwa Shika a rana sananniya kowane mako, sakamako ya dawo ta waya. Hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kaduna ta ɗauki kuɗin wannan gwaji, attajiran rake da masara da tumatir kuma su tuna cewa waƙafi a kan kwalabe da kuɗin motar majinyata sadaka ce mai gudana. A kuma riƙa rubuta kowane sakamako da gundumar da mai shi ya fito, domin daga irin wannan rajista ce masu bincike za su san wane ƙari ya fi damunmu, a wane shekaru, a wane yanki, har gwamnati ta san inda za ta zuba kuɗinta.

Limamanmu na Juma'a suna da rabo babba a nan, domin kalma ɗaya daga kan mumbari cewa gwada nama halal ne, kuma jinkirta kai yaro asibiti cin amana ne, za ta isa inda sanarwar rediyo ba ta isa ba. Iyaye kuma, musamman masu 'ya'ya a makarantun kimiyya, su ƙarfafa wa wasunsu gwiwa su karanci wannan fanni, wanda masu yinsa 'yan kaɗan ne a duk faɗin Arewa, ko da yake a kan rubutunsu ne likitan tiyata da mai allura da mai gashi duk suke dogara. Waraka ta Allah ce, Shi ke bayar da ita ga wanda Ya so. Abin da za a tambaye mu shi ne ko mun bi sababin da Ya hore mana a lokacin da bin sa ke da amfani.